Motar Kamfani

Vukota ya ɗaga allon sunan baƙinsa sama da kansa kamar yadda 'yarsa Milena ta koya masa, ya tsaya ƙiƙam a gefen ƙofar tashar jirgin ruwa yana duban baƙin da ke saukowa daga kwale-kwale. Babban jirgin yana can tsakiyar ruwa, don ba ya iya matsowa gaɓa. Farar riga ce a jikin Vukota, ta sha guga, zafin watan Yuli kuwa tun da safe ya fara gasa mutane.

A ɗaya gefen ƙofar, ƙarƙashin bishiyar da ya yi rabin rayuwarsa yana tsayuwa, abokansa na da, direbobin ƙofa, sun buɗe kasuwa. Kowa da hoton dutse da na teku a hannu, ana jan baƙi da ɗan Turancin da aka tsinta a bakin titi.

"Ku ba Manaja hanya," in ji Spasoje, mai ƙaton tumbi da bakin tsiya. "Manaja, ƙara ɗaga allon nan, tsuntsaye ba su gama karantawa ba."

Aka kwashe da dariya. Radoje ne kaɗai ya kau da kai. Radoje kum ɗin Vukota ne, wato shi ya riƙe Milena a coci ranar baftisma, kuma a wajenmu nan Kotor wannan dangantaka har ta ɗara ta jini. Amma tun ranar da Vukota ya fita daga layin direbobin ƙofa ya koma karɓar baƙi ta intanet, ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su. Radoje ya ce masa ya gudu ya bar 'yan'uwa. Vukota kuwa, da yake baki ya riga hankali, ya ce shi ya gaji da roƙo a bakin titi. Maganar ta zauna wa Radoje a wuya.

Baƙin nasa suka fito daga ƙarshe: Madam Gwenda, 'yar ƙaramar tsohuwa da malfa mai faɗi, da mijinta Mista Howell, dogo mai tafiya da sanda. Tun lokacin sanyi Madam ta kama motar ta intanet, ta kuma tsara yadda take so. Bakin tekun Budva da safe, daga nan garin Cetinje, sannan a hau dutse, a ƙarshe a gangaro ta hanyar kwana-kwana domin ta hango jirginsu daga sama.

Ko yaron mota a Kotor ya san cewa ranar da jirgi ya zo, hanyar nan hawanta ake yi, ba a gangaro ta. Siririya ce, bas-bas duk sama suke nufa, wanda ya yi karo da su shi zai yi ta ja da baya a bakin rami. Da a ƙofa baƙo ya nemi haka, sai a ce masa ba a yi, in ya ga dama ya nemi wani. Amma Vukota ya zama mutumin taurari. Milena ta ja masa kunne cewa baƙo ɗaya ya yi ƙorafi a shafinsa na intanet, tauraro ɗaya na yabon baƙi ya tafi.

"Babu damuwa, Madam," in ji shi, ya buɗe mata ƙofa.

Ni dai ban san wata kalma da ta jefa direbobinmu cikin wahala kamar wannan ba.

Yinin ya tafi lami lafiya. Madam ta jiƙa ƙafa a teku, Mista Howell ya sha barcinsa a mota, na'urar sanyi tana busa masa. A ƙauyen Njeguši da ke kan dutse suka ci cuku da ƙyafaffen nama a gidan wata gwaggon Vukota, wadda ba ta yarda baƙo ya tashi da faranti ɗaya. A nan ne Madam ta dubi agogo ta tuna masa cewa kwale-kwalen ƙarshe yana tashi ƙarfe huɗu da rabi. Mijinta yana da ciwon sukari, allurarsa ta yamma tana cikin firjin ɗakinsu a jirgi, fasfo ɗinsu ma yana hannun mutanen jirgi.

"Za mu isa har mu yi jira," in ji Vukota.

Sun sha 'yan kwanoni kaɗan ke nan sai ya hango layin motoci a gabansa, kowa ya kashe inji. Ya faka a wani ɗan lungu, ya sauka da ƙafa ya je ya gani. Wata doguwar bas ce ta zo shan kwana, gindinta ya dafe a kwalta, hancinta ya tokari katanga, tayoyin baya suna juyi a banza. Direbanta baƙo ne daga wata ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka. Fasinjojinsa sun fito sun yi cirko-cirko suna ɗaukar hoto. Can ƙasa kuwa ga jirgi nan fari tas a kan ruwa, kusa kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Vukota ya yi lissafin da kowane direba zai yi. In ya juya ya koma ta Cetinje da Budva, cunkoson yamma zai riƙe shi har jirgi ya ɓace. In ya jira a zo a janye bas, sai dare. Ya hango tsohon nan a kujerar mota ba allura, ba fasfo, tashar jirgin ta gaba kuma a wata ƙasar take. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka shiga da matarsa ɗakin tiyata.

Madam ta same shi a tsaye, fuskarta ta sauya amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"A shafinku an rubuta kuna da motoci," in ji ta. "Ka kira ofis su turo wata daga ƙasa, mu tsallake bas ɗin da ƙafa."

Milena ce ta rubuta "kamfaninmu" da "motocinmu", ta ce haka kowa ke yi. Kamfanin dai shi ne Vukota da motarsa ɗaya, ofis kuma teburin kicin.

"Yanzu kuwa, Madam," in ji shi.

Ya matsa bayan wata mota, ya daɗe yana kallon wayarsa, sannan ya danna lambar Radoje.

"Wa ke magana?" in ji Radoje, alhali lambar tana wayarsa tun da aka fara waya a garin.

"Kum, ni ne."

"A'a, Manaja da kansa? Na ɗauka kwamfuta ce ke yi maka magana yanzu."

"Ina kan dutse. Bas ta toshe hanya, ni ina samanta."

"Samanta? Gangarowa kake yi? Yau?"

"E."

"Kai da ka koya mini hanyar nan da bakinka?"

"Baƙuwar ce ta so haka."

"Da ta ce ka shiga teku da mota fa, sai ka kunna fitila ka shiga?"

"Kum, ka zage ni gobe, zan tsaya har ka gama. Mijinta mai ciwon sukari ne, allurarsa tana jirgi. Yau ni ne mai roƙo a bakin titi."

Ta cikin wayar yana jin hayaniyar ƙofa. Layi ya zo kan Radoje, wasu mutum biyar 'yan gida ɗaya suna gabansa, ciniki ya kusa faɗawa. Wanda ya bar layinsa kuwa sai ya koma baya, kuma a irin wannan lokaci komawa baya na nufin yini a banza.

"Spasoje," ya ji Radoje yana cewa, "zo ka kwashi waɗannan, na gama dafa maka su." Sannan ya dawo kan waya. "Ka fito da su ta gefen bas ɗin, ku gangaro har inda layin motocin ƙasa ya ƙare. Kada ka bar tsohon ya yi sauri ya faɗi, ka ƙara mini aiki."

Tsakanin bas da katangar bakin rami, wurin bai fi na mutum ɗaya ba, shi ma sai ya bi a karkace. Madam ta wuce tsaf, malfarta a hannu. Mista Howell ya leƙa ƙasa sau ɗaya, ƙafafunsa suka ƙi. Vukota ya karɓi sandar, ya damƙe bel ɗin wandonsa ta baya, ya ce masa ya dubi jikin bas kawai ya karanta abin da aka rubuta. Haka suka ja jiki sannu-sannu, tsohon yana karanta tallan da bai san harshensa ba, farar rigar Vukota tana share baƙin man da ke jikin bas. Da suka fito ɗaya gefen, Vukota ya yi alamar gicciye ba tare da ya sani ba.

Sun sami Radoje ya riga ya juya motarsa ta fuskanci ƙasa, yana jingine da ita, sigari a baki. Tsohuwar marsandi ce mai launin ƙasa, kujerunta an lulluɓe su da bargo, na'urar sanyinta kuwa taga ce.

"Wannan ce motar kamfanin?" in ji Madam.

"Ita ce babbar motarmu, Madam. Manyan baƙi muke ɗauka da ita."

Radoje ya dubi Vukota daga sama har ƙasa, ya yar da sigarin ya taka. "Shiga, Manaja," in ji shi da harshen gida, "kada mai ya taɓa mini bargo."

Radoje ya gangaro dutsen nan da hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan riƙe da waya. Kafin kowace kwana sai ya danna oda, ya shige kamar mai shiga ɗakin kwanansa. Madam ta rufe ido, Mista Howell kuwa ya ce rabonsa da jin daɗin mota haka tun yana saurayi.

"Spasoje ya tafi?" Radoje yana faɗa wa waya. "To wa ke nan? Ku je ku ce wa Blažo ina zuwa da mutum biyu. Ya san abin da zai yi."

Blažo shi ne mai kwance igiyar kwale-kwale a gaɓa, ɗan ƙanwar matar Radoje.

A bakin gari suka tarar da cunkoso. Radoje ya kutsa ta bayan kasuwa, ya bi wani lungu da masu kayan lambu suka janye kwandunansu suna yi masa tsiya, ya ɓullo daidai ƙofar tasha. Lokaci ya riga ya gota. Vukota bai iya ɗaga kai ya duba ruwa ba, sai da Radoje ya zungure shi da gwiwar hannu.

Kwale-kwalen yana nan. Blažo ya tsuguna gaban igiya yana sosa ƙeya, wai ƙullin ya cije. Direbobin ƙofa sun kewaye shi, kowa da shawararsa: wannan ya ce a ja ta hagu, wancan ya ce kakansa da man zaitun yake kwance irinta. Jami'in jirgi cikin fararen kaya yana ta duban agogo yana magana a rediyo. Radoje na danna oda, ƙullin ya warware da kansa.

Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Vukota, har idanunsa suka kawo ruwa. Ya riƙe hannun Mista Howell har bakin kwale-kwale, ya miƙa shi ga matuƙa. Madam ta juyo ta rungume shi, man rigar da komai.

"Zan rubuta a shafinku kowa ya gani," in ji ta da ƙarfi. "Mutum ya kama motarsa tun daga gida, da kamfani na gaskiya. Da irin waɗancan muka bi," ta nuna direbobin ƙofa da haɓa, "da har yanzu muna kan dutse."

Turancin 'yan ƙofa na ciniki ne, amma ya kai su gane wannan. Kunya ta rufe Vukota, ya buɗe baki zai gyara mata zance, sai ya ji takalmin Radoje a kan ƙafarsa.

"Bar ta ta hau, kum," in ji Radoje a hankali. "In ka fara bayani, sai Blažo ya sake ƙulla igiyar."

Kwale-kwale ya tashi. Madam tana ɗaga malfa, direbobin ƙofa gaba ɗayansu suna ɗaga mata hannu da fara'a, wani daga cikinsu yana yi mata addu'ar da ba za a fassara ba. Vukota ya zauna a kan ƙarfen ɗaure igiya. Bai tashi ba sai da ya ga an ja tsohon an shigar da shi cikin babban jirgi.

"Motata tana kan dutse," in ji shi daga baya. "Kum, za ka mayar da ni?"

Radoje ya kunna wata sigarin. "Ka kama mota tun daga gida?"

"A'a."

"To ai sai ciniki. Taya mu ji."

"Kofi ɗaya."

"Albarka."

"Kofi da abincin rana."

Radoje ya juya kamar zai tafi, direbobin suka matso suna kallo.

"Na kowa da kowa," in ji Vukota yana bin bayansa. "Har da Blažo."

Radoje ya tsaya, ya yi kamar yana tunani, sannan ya buɗe ƙofar gaba ya kakkaɓe bargon.

"Na sallama," in ji shi. "Amma ta hanyar da na ga dama za mu bi."