Wutar da Ta Rage a Kwalba

"Cire hannunka daga nan," in ji Mai Ɗinki daga bakin ƙofa.

Mutumin ya ja da baya. Shi ne ɗan maƙwabcinta da ya rasu, ya iso kwana ɗaya bayan an binne uban, ya zo kwashe ɗakin. A kan tebur akwai tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya, an buɗe bayanta, ba a gama aikin ba.

"Ai a kashe take, Mama. Ga wayar can a ƙasa."

"A kashe take, amma da wuta a cikinta. Kwalbar gilashin da ke nuna hoto tana riƙe wuta kwana da kwanaki. Yanzu sai ta maka ka da bango."

Shekara tara bango ɗaya ya raba ta da tsohon da unguwa ke kira Injiniya. Bayan ya daina aiki, sai ya koma sayen matattun talabijin daga 'yan gwangwan. Ba gyarawa yake yi ba. Wani baƙin taransifoma mai jar waya kawai yake cirewa, ya haɗa abin da ke fitar da tartsatsi tsakanin ƙarafa biyu, ya zauna yana kallo shi kaɗai. Ita kam tsiya take masa, wai tsufa ya mai da shi mai wasa da wuta. Amma ta iya aikin, don a watannin ƙarshe hannunsa rawa yake, ita yake kira ta riƙe masa sukundireba.

"Wannan ita ya kunna da safen ranar da ya rasu," ta ce. "Yana gwadawa ne. Sai ya ce bari ya ɗan kishingiɗa."

Ɗan ya dubi gwangwanayen kayan aiki da aka jera a ɗakin, kowanne da rubutun uban. "Ya sha kirana in zo in gani. Kullum sai in ce wata mai zuwa."

Ta ji haushinsa, ta kuma ji tausayinsa. "To, matso. Wutar da ya zuba wa talabijin ɗin nan da hannunsa tana nan. Sau ɗaya za ta fito, ka sa ido."

Ta ɗaura waya a jikin sukundireba, ta maƙala ɗaya bakin a ƙarfen talabijin. Ta mai da hannun hagu baya, yadda ya koya mata. A hankali ta cusa bakin sukundirebar ƙarƙashin wani murfin roba da ke manne a jikin kwalbar.

Wayar aljihunsa ta yi ƙara, ya sunkuyar da kai don ya kashe ta.

Tas! Ɗan haske shuɗi, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ya ɗago da sauri. "Sake yi, Mama. Ban gani ba."

Ta sake cusawa. Ta juya, ta goga, ta ƙara dannawa. Shiru.

"Ta ƙare," ta ce. "Yanzu kana iya ɗauka."

Bai ɗauka ba. Ya jawo kujerar uban ya zauna, ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin mai ƙura. Ta ajiye sukundirebar kusa da shi, ta fita, ta bar masa ƙofar a buɗe.