Lambar Yabon Ɗan Fari

Shekarar Saje Munzali talatin da huɗu a duniya, bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba. Shi ne ɗan fari, Malam Ya'u na Dutsi kuwa mutumin da ne, irin masu riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. In zai yi zancensa sai ya ce "yayan su Rabi". In zai aike shi sai ya gaya wa na kusa, ko da Munzalin yana tsaye a gabansa. Da yana yaro abin bai dame shi ba, kowa ya san haka ake yi. Amma wanda ya shekara uku a bakin daga wajen Tafkin Chadi, ya binne abokai da hannunsa, tunaninsa yakan sauya.

Shi ya sa da wata ƙungiyar 'yan asalin yankinsu ta shirya taron karrama sojoji a Daura, aka ce uban kowane soja ne zai maƙala masa lambar yabo a ƙirji, Munzali ya ƙwallafa rai. Hutun kwana biyar kacal aka ba shi. Abu ɗaya yake so kafin ya koma: tsohon ya tsaya kusa da shi a gaban jama'a, ko da sau ɗaya ne.

Ya je Dutsi ya durƙusa ya yi bayani tiryan-tiryan. Malam Ya'u yana tufka igiyar akuya, bai ko ɗago kai ba. Da ya gama ji sai ya dubi ƙaninsa Kalilu ya ce, "Allah ya kai mu."

Ranar taro an ce ƙarfe tara, ba a fara ba sai sha ɗaya. Manyan baƙi suna inuwar rumfa suna fifita da takardar tsarin taro, sojojin da aka taru dominsu kuma an jera su a rana. Shugaban ƙungiya ya kama abin magana ya ƙi saki. Ya gai da waɗanda suka zo, ya gai da waɗanda suka turo wakili, har waɗanda ba su zo ba kuma ba su turo kowa ba sai da ya nema musu uzuri. Duk wannan bai dami Munzali ba. Idonsa yana kan kujerar roba a layin gaba, wadda aka manna wa takarda mai sunan Malam Ya'u, ba kowa a kanta.

Can ya hango shi. Tsohon ya zo, har da farar rigarsa ta Juma'a, amma ya je ya rakuɓe a ƙarshen fili, gindin bishiyar bedi, cikin 'yan acaɓa masu jiran fasinja.

Wanda aka fara kira shi ne Kofur Chibuzor, ɗan Boniface mai sayar da kayan gyaran babur a Daura. Chibuzor ɗin ne Munzali ya goya a baya ranar da aka yi musu kwanton ɓauna, ya yi tafiyar kilomita huɗu da shi ana harbi. Boniface bai jira a gama kiran sunan ba ya taso da gudu, ya rungume ɗansa, yana kuka yana kiran sunansa kamar yau aka raɗa masa. Ya maƙala masa lambar. Sannan ya fizge abin magana.

"Jama'a, da ba don Munzali ba, ko gawar yaron nan ba zan gani ba. Ina baban Munzali? Ya fito in yi masa godiya a gaban kowa!"

Mai gabatarwa ya kira Malam Ya'u sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Wani ya nuna gindin bedi, duk fili ya waiwaya. Tsohon ya kafa wa ƙasa ido kamar wani Ya'un ake nema. Mutane suka fara gyaran murya. Daga ƙarshe Baffa Kalilu ya miƙe ya zo ya karɓi lambar, ya maƙala ta a karkace, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka yi haƙuri, ɗana. Ka san halin yayana."

Munzali ya ƙame ya sara, aka yi tafi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne wasu tsofaffin mata a bayansa da suke yabawa: "Kai, Malam Ya'u akwai kunya! Irinsu sun ƙare."

Ana tashi ya duba gindin bedi, ba kowa. Ya bar masu ɗaukar hoto ya nufi tashar da ake lodin Dutsi. A can ya sami mahaifin nasa cikin wata tsohuwar mota, an matse shi a jikin taga, saura mutum ɗaya ta cika.

"Baba," ya ce, yana ɗaga murya, abin da bai taɓa yi a gaban tsohon ba sai ranar. "Jibi zan koma. Inda zan koma ba kowa ne yake dawowa ba. Da ka taso, me zai ragu a jikinka? Taku nawa ne?"

Malam Ya'u yana kallon ƙeyar direba, ko ƙifta ido bai yi ba. Aka samu cikon mutum ɗaya, aka rufe ƙofa, direba ya tayar da mota. Sai a lokacin tsohon ya yi magana.

"Direba, ka ce wa yayan su Rabi ya je a duba masa ƙafar hagun nan kafin ya koma. Tun safe a kan ta dama yake tsaye."

Munzali ya daskare. Akwai ɓarɓashin ƙarfe a sharaɓarsa ta hagu tun ranar kwanton ɓaunar, bai gaya wa kowa yana yi masa ciwo ba, har matarsa. Mutum ɗari uku sun wuni suna kallon ƙirjinsa, ba wanda ya lura.

Direban ya leƙo a ɗarare ya ce, "Yallaɓai, wai an ce ka je a duba maka ƙafa."

Mota ta ja. Munzali ya tsaya a wurin yana bin ta da kallo, yana jiran tsohon ya waiwayo, har ta sha kwana. Bai waiwayo ba.