'Yar Mai Kemis

Nas tana cire wa wani jariri robar ƙarin ruwa aka shigo da yarinyar. Uban ya saɓo ta a kafaɗa, uwar na biye da takalmi ɗaya a hannu. Kallo guda Nas ta yi masa ta gane shi. Mai kemis ne na bakin kasuwa, wanda 'yan unguwa ke kira Dokta, alhali ko ƙofar makarantar likitanci bai taɓa leƙawa ba.

Shekara uku ke nan da ya riƙe ɗan ƙanwarta kwana huɗu yana dirka masa allurai, wai zazzaɓin sauro ne, zuwa asibiti wahalar banza ce. Lokacin Nas tana wajen kwas. Kafin ta dawo sanƙarau ya gama ɓarnarsa. Yaron ya rayu, amma har yau ko ganga aka buga a bayansa ba ya waiwayowa. Da ta je shagon, ƙaddara ce kawai mutumin ya ce mata, ya ci gaba da sallamar masu saye.

Yau ga shi a gabanta, bai ma shaida ta ba saboda takunkumin da ke fuskarta. Layi ya kai bakin ƙofa, kuma ita ce mai cewa wa zai fara ganin likita. Da ta ce ya jira, babu mai tuhumarta. Ta taɓa yarinyar, jiki kamar garwashi. Ta ɗaga mata kai, wuya ya sanƙare. A ƙafafu ga ɗigo-ɗigo ja, ta danna, ba su ɓace ba. Ta kwantar da ita a gado na farko, ta aika a kira likita.

Likita ya zo da ɗalibai biyar. Ya tambayi tun yaushe ciwon ya fara da abin da aka ba ta. Mai kemis ya soma ƙunƙuni, kansa a ƙasa.

"Ɗaga murya, Dokta," in ji Nas. "Likita bai ji ba."

Ya lissafo allurai uku da ya yi mata cikin kwana uku. Ɗaliban suka kalli juna. Uwar ta ce tun shekaranjiya take roƙonsa su zo, yana ce mata ita me ta sani.

Da za a ɗebi ruwan ƙashin baya, akwai ma'aikata biyu da suka saba riƙe yara, amma Nas ta ce uban ne zai riƙe. Ta nuna masa yadda zai lanƙwasa ta, gwiwa ta haɗu da haɓa. Yarinyar tana ihu tana kiran Baba, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ruwan ya fito gurɓatacce. Ba a jira sakamakon gwaji ba, Nas ta sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya.

Sai ta ce wa uban likita na bukatar ganin duk abin da aka yi wa yarinyar amfani da shi, da kwalinsa. Ya tafi a guje, ya dawo da katan guda. Rabin magungunan sun daɗe da lalacewa, wasu an kankare kwanan watansu da reza. Ta kulle katan ɗin a durowarta.

Wajen la'asar yarinyar ta buɗe ido ta nemi ruwa. Likita ya ce da sauran tafiya, sai ta yi kwana goma ana allura, amma da alamar an tari abin.

Mai kemis ya iske Nas a teburinta tana cike takardar ƙorafi zuwa hukumar kula da magunguna. Ya durƙusa har ƙasa yana sa mata albarka.

"'Yar'uwa, daga yau shagona naki ne. Duk abin da kike so, ki aiko kawai."

"Madalla," ta ce. "A ina yake?"

Ya faɗi layin, ya faɗi lambar shagon, har da launin ƙofa. Tana rubutawa a hankali, shi kuma ya maimaita mata sau biyu, don kada ta ɓata.