Shaida Ba Iƙama

Ni na fara ja wa filin ƙwallon wata kwaleji da ke unguwar Zahir a Makka layi da farar ƙasa, lokacin filin tsakuwa ne zalla. Abdulmuhaimin ne ya ɗauke ni aikin. Shi ya kafa ƙungiyar, ya horar da ita shekara shida, sannan ya ajiye usur ya karanci shari'a ya zama lauya. Haifaffen Makka ne, jikan wani Bakatsine. Ni kuwa Hajji na zo daga Kano na ƙi komawa.

Yau ni kaɗai nake ce masa Kabtin. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a Riyad. Duk Juma'a bayan la'asar yakan zo ɗakina a unguwar Ka'akiyya mu sha shayi, ya sami mai jin Hausarsa.

Rannan ya shigo riƙe da takarda. Kwalejin za ta yi bikin cikar ƙungiyar shekara arba'in, za a kafa allon sunayen masu horarwa, kuma an fara lissafin daga wanda ya gaje shi.

"Ka kai musu hoto mana," na ce.

"Wane hoto? Ka manta tsohona? Cewa ya yi in na tsaya gaban kyamara bai yafe ba. Kullum gefe nake komawa a ɗauki 'yan wasan."

"To su 'yan wasan fa?"

"Wasu sun rasu. Ɗaya na kira, ya haɗa ni da sakatarensa. Kwamiti sun ce in kawo shaida mai rai ran Litinin, kafin a rubuta allon. Kai ne, Ɗan'auta. Ka sa farar riga, zan zo in ɗauke ka."

Na ƙara masa shayi. "Kabtin, a bakin ƙofar me ake nunawa?"

"Katin ɗan ƙasa kawai, ko iƙama..." Sai ya dafe kai.

Mutumin da ya san dokar zama a ƙasar nan kamar Fatiha, ya manta ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ko guntuwarta. In na tsaya gaban mai gadi, daga nan sai gidan tsare baƙi, sai jirgin Kano, inda ban san ƙofar da zan yi sallama a amsa ba.

"Wallahi na manta," ya ce.

"Lauyan banza! Allah ya raba ni da kai a kotu."

Ya yi 'yar dariya, ya ninke takardar ya sa aljihu.

Duk da haka ran Litinin na sa farar rigar na zauna a bakin ƙofa, don kada a ce ni na ƙi. A raina kuwa addu'a nake kada motarsa ta ɓullo. Har aka kira azahar ba ta ɓullo ba.

Ranar bikin ya buga min waya, ina jin tafi da lasifika a bayansa.

"Ina kujerun baya," ya ce. "An yaye allon."

"To? Sun sa sunanka?"

"Rubutun ya yi kyau, Ɗan'auta. Ruwan zinare suka sa."