Gawon da Malamin Noma Ya Sare

Malam Adnan, malamin noma na sakandaren da ke kusa da Zurgu, ya sa ɗalibansa sun sare gawon Malam Ishiyaku ranar Laraba da hantsi.

Gonar ta Ishiyaku ce. Bara shugaban makarantar, Malam Murtala, ya zo har zaure ya roƙi aron gefen da ke jikin katangar makaranta, wai yara za su koyi wani abu da ake kira noma mai ɗorewa. Ishiyaku ya fi shekara hamsin riƙe da fartanya, bai taɓa jin nomansa na shirin yankewa ba. Amma ya ba su. Gawo biyu ne a wajen, tun na zamanin mahaifinsa.

Daga ta'aziyya a Nariya ya dawo ya tarar da ɗaya a kwance, ya danne kunya huɗu na dawa. Ɗayan kuma an shafa masa jan fenti a gindi. Malam Adnan na tsaye cikin takalmin roba har gwiwa, sabo fil, yara sun kewaye shi da gatura.

"Sannu da dawowa, Baba. Mun rage maka aiki."

"Wa ya sa ka?"

"Ai ya mutu, Baba. Duba mana, tsakiyar damina, ko ganye ɗaya babu. Wancan ma gobe za mu kayar, mu dasa itacen turare goma a gurbinsu. In ka sare ɗaya ka dasa biyar, haka tsarin yake."

Ishiyaku ya dubi yaran. Duk 'ya'yan manoma ne, ya san iyayensu da kakanninsu. Kowa ya sunkuyar da kai. Sun sani sarai. Amma wa zai gyara wa mai digiri magana, ga jarrabawa na tafe?

"A ina aka haife ka?" in ji Ishiyaku.

"A birnin Kano, Baba."

"Na gani."

Ya nuna itacen da sanda. "Gawo da damina yake zubar da ganye. Ya bar wa dawa rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani ya yi kore shar. Bappa makiyayi ya kawo shanunsa su ci 'ya'yan, su kwanta a inuwar, su bar mini kashi. Je ka gwada dawar gindinsa da ta bakin katanga."

Adnan bai je ba. Waya ya zaro daga aljihu ya shiga latsawa. Ga kututture a gabansa ɗanye shataf, amma sai ya tambayi waya ko itacen na da rai. Ishiyaku ya tofar da yawu ya wuce gida.

Ranar Juma'a bayan la'asar suka zo zaure su biyu, Malam Murtala a gaba da ƙullin goro. Aka gaisa. Murtala ya ce kuskure ne, kuma yaro ya gane. Adnan ya buɗe wani littafi mai kauri, ya nuna hoton gawo a shafi guda, har da dogon suna na Turanci a ƙasa.

"Wallahi Baba, duk abin da ka faɗa yana ciki."

"To, madalla. Littafi ya yarda da ni."

Murtala ya yi gyaran murya. Ya ce masu tallafa wa shirin za su zo daga Kano makon gobe. Suna so Ishiyaku ya tsaya gindin gawon da ya rage ya yi wa ɗalibai bayani, a ɗauki hoto, a rubuta sunansa a allo. Sannan ya ƙara musu aron gonar shekara biyu.

Ishiyaku ya dubi littafin. Bana an samu shafin gawo bayan gatari ya gama aiki. Baɗi a turo wani malamin da wani littafin, wanda babu shafin a ciki. Itace ɗaya ya rage masa, kuma shekarunsa ba za su kai shi ganin wani ya girma ba.

Ya tura ƙullin goron gaban Murtala.

"In kun girbe dawarku, ku kwashe dashenku da ledojin rainonsa."

"Haba Baba Ishiyaku, ko don yaran nan," in ji Murtala.

"Yaran sun san gawo. Malaminsu ne bai sani ba."

"To, ko hoton kawai..."

"A'a. Ba zan zo ba, kuma ba zan ƙara ba ku gonata ba."