Katakon da Haɓata Ta Zaɓa

Shekara talatin na yi a kan injin niƙa, shi ya cinye mini kunne. In an ɗaga murya ina kamawa, sauran a baki nake karantawa. Inda abin ya gagara sai in ce "haka ne," kuma ban taɓa faɗuwa a ciniki ba.

Amma jikata ta koyi jita da ta aro. In ta kaɗa mini, yatsu kawai nake gani. Na ce sai na sa an ƙera mata tata mai ƙarfin murya, ko na ji ta sau ɗaya kafin a kai ni makwanci.

Shagon maƙerin jitar duk warin gam, ga fallayen katako jingine da bango. Ya ce katakon fuska shi ne muryar jita, mai saye ke zaɓa. Ya riƙe ɗaya da yatsa biyu, ya ƙwanƙwasa.

"Yaya, Baba?"

"Madalla."

Ya ɗauko wani. "Wannan fa?"

"Ya fi na farko."

Jikata ta tuntsire da dariya. "Tsoho, ai bai taɓa shi ba tukuna!"

Shi bai yi dariya ba. Ya ce in ɗora haɓata a gefen katakon, sannan ya ƙwanƙwasa. Sai na ji abu ya bi ta muƙamuƙina ya hau kaina. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu kyan nan duk gajeren numfashi gare su. Wani tsohon katako mai baƙin layi a jiki, shi ya daɗe yana amo.

"Wannan," na ce.

"Mummuna ne fa!" in ji jikata.

"Haka aka ce wa kakarki a kaina."

Bayan wata huɗu muka karɓo. A kafaɗar jitar maƙerin ya goge wani gurbi sumul, daidai haɓa. Ban roƙe shi ba, bai kuma ambata ba. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri.

A tsakar gida ta zauna, na duƙa na ɗora haɓata. Ta fara. Can tsakiya yatsanta ya zame.

"Nan kin yi kuskure," na ce.

Ta tsaya tana kallona, idonta ya kawo ruwa.

"Sake daga farko, malama. Duk na baya ma ban ji ba."