Jijiyar da Hoto Bai Nuna Ba

Ƙoda ɗaya ta rage wa Malam Barau, manomin riɗi daga Kiyawa. Ta hagun ta daɗe da shanyewa, ta daman kuma ta kumbura, don bututun da ke kai fitsari mafitsara ya toshe. In ita ma ta tafi, sai wankin ƙoda har iya rayuwa. Ni Safina, ni ce nas mai miƙa kayan aiki ranar da aka shiga da shi tiyata a Dutse.

Likitoci biyu ne a kansa. Akwai Dakta Uwaisu, babbanmu, mai saurin hannu da saurin fushi, sai Dakta Radiyya, wadda a bayan idonta muke kira 'yar mahauta. Ba sharri muka yi mata ba, mahaifinta fawa yake yi a kasuwar Jahun. A wurinsa ta ɗauko wata ɗabi'a mai cin rai: ba a yanka komai a gabanta sai ta taɓa shi da yatsa.

Da aka buɗe, sai ga wani abu kamar igiya ya gitta bututun ya danne shi.

"Ga mai laifin nan, tantani ne kawai," in ji Dakta Uwaisu. "Safina, almakashi."

Na miƙa masa. Kafin ya kai hannu, yatsan Dakta Radiyya ya riga shi.

"Ranka ya daɗe, a ɗan dakata. Abin nan bugawa yake."

"Ke! Hoto ya nuna jijiya ɗaya ce ke ba ƙodar nan jini, ga ta can sama."

"Haka ya nuna. Amma mutane da yawa biyu gare su, wasu ma uku. Ko a raguna Baba ya sha nuna mini."

Harara ya watsa mata, ita ko gezau. Ta sa ɗan matsi mai laushi ta riƙe igiyar. Muna kallo, ƙasan ƙodar ya fara yin duhu kamar hanta. Ta saki, jan ya dawo. Ashe jijiyar jini ce, ga almakashin da na miƙa yana hannun Dakta Uwaisu har lokacin.

Ya ajiye shi a hankali. "Karɓi aikin, likita."

Ta yanke bututun, ta zagayo da shi ta gaban jijiyar, ta ɗinke. Awa uku muna tsaye.

Washegari da hantsi Bilki, matar Malam Barau, ta nuna jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado, ta cika taf.

"'Yar nan, wannan duk nasa ne?"

Na ce nasa ne, ƙodar ta kama aiki.

Sai matar nan ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin majinyata. Shekarata goma sha biyu a aikin nan, ban taɓa ganin an yi wa fitsari guɗa ba. Na nufe ta don in hana ta, ban ankara ba sai ga ni ina tafa mata.